Shagon gwal ɗin da na je a Yaba, da tambayar da na kasa samun amsarta

Ranar Asabar na je Yaba musanyar sarƙa, tsohuwar sarƙata ce ta lefe da ta tsinke har sau biyu, na ce bari in yi ciko in ɗauko wata tunda bikin ƙanwata ya matso. Maƙwabciyarmu a Agege ce ta yi min kwatancen shagon, yana wajen kasuwar Tejuosho, ba zan kama suna ba saboda akwai ƙorafi a maganata kuma mutumin bai cuce ni ba.

Sikelinsu dai ba ni da abin cewa, fuskarsa wajen mai saye take kallo, kina gani ana ɗorawa kina ganin lamba. Yaron shagon ya goga sarƙar a baƙin dutsen nan ya ɗiga ruwan gwaji ya ce karat 18 ce, wato ma'aunin tsabtar gwal, ni kuma shekara da shekaru karat 21 na san ta, raina ya sosu wallahi, amma bai yi min musu ba sai ya ɗauko wata 21 ya goga gefe da gefe na ga bambancin da idona. Alhajin mai shagon ya rubuta farashin giram daban kuɗin ƙira daban a risit, wanda ba kowa ke yi ba, wasu dunƙule miki za su yi ki rasa ina aka ci ki. Suna karɓar taransfa. Wurin ne dai ƙunci, kujera biyu fanka ɗaya.

Ya fito min da ƙirar Dubai da ta Saudiyya da ta Italiya, can sai ya jawo wani faranti ya ce Hajiya wannan na gida ne, gwal ɗinmu maƙeranmu. Na ce Alhaji daga ina? Ya ce Arewa. Na ce Arewa ina, Zamfara ko Neja ko Birnin Gwari? Ya yi shiru kaɗan ya ce wallahi Hajiya narkakke ake kawo mana, ba ma tambaya.

Ni 'yar Anka ce ta jihar Zamfara, shi ya sa na tambaya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega, yara wajen 400 suka rasu. Dutsen gwal ɗin da ake haƙowa a wajen cike yake da dalma, sai a kawo shi cikin gari a niƙa da injin niƙan hatsi, wani ma a tsakar gida ake daka shi a turmi, ƙurar ta baɗe ko'ina, yaro yana rarrafe yana kai hannu baki, kafin a ankara sai amai da jijjiga. Na san gidan da aka yi jana'iza biyu a wata ɗaya. Likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF ne suka zo suka tsaya a kan yaran, aka riƙa kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, Bagega kuwa sai 2013 aka share ta saboda kuɗin aikin sun daɗe ba su fito ba. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Masu haƙar nan talauci ne ya tura su rami, amma wanda ya saye gwal ɗin a hannunsu da arha ya ci ribarsa, ko sisi bai sa a maganin yaran ba, kuma ba a ma san shi ba balle a tuhume shi.

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, a Disambar 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ce an ɗage, yanzu ana ta kiran masu zuba jari. Su zo, muna so, amma dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kamfani sai ya ƙulla yarjejeniya da mutanen gari kafin ya fara haƙa, wannan yarjejeniyar nake so a karanta wa mutane da Hausa a ƙofar fadar hakimi, su ji rijiya nawa asibiti nawa, kuma wa zai cike ramin in an gama. A Osun akwai mahaƙar Segilola da ta fara fitar da gwal a 2021, kamfani ne mai suna da adireshi, ko ba komai in an yi ɓarna an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Duk wannan na zayyana wa Alhaji, bai ji haushi ba. Ya ce Hajiya na Dubai ɗin ma da kike gani, wa ya sani ko namu ne ya fita ta bayan fage ya dawo da sabon suna. Ban iya ce masa komai ba.

Ƙarshe na gidan na ɗauka, sarƙa da 'yan kunne giram 12, ƙirar ta yi kyau duk da maƙullin bai kai na Italiya laushi ba. Na roƙe shi ya tambayi dillalinsa garin da ake kawowa, ya ce insha Allah, na ce zan dawo ɗaukar awarwaron amarya bayan sati biyu kuma zan sake tambaya. In za ki je ki je da safe kafin cunkoso, ki tafi da tsohon risit ɗinki in kina da shi.