Kayan Kanti ko na Gwanjo: Kyautar Sallah ga Mai Hawan Kufena

Malama, kin ce ƙaninki da ke karatu a Samaru ya kamu da son hawan dutse, duk Asabar suna dutsen Kufena na Zariya shi da abokansa, kina so ki yi masa kyautar sallah amma kuɗin kayan da kika gani a intanet ya sa kin ja da baya. Bari in jera miki su.

Takalmi shi ne uban tafiya. Sababbin takalman kamfanin Salomon ko Merrell suna da kyau, sai dai wani kaso na tsadar nan na shimfiɗar Gore-Tex ne mai hana ruwa shiga, wadda ta fi amfani a ƙasashen dusar ƙanƙara. A kan dutsenmu da rani, sai dai ta dafa masa ƙafa. Abin da Kufena ke buƙata shi ne ƙasan takalmi mai kama dutse, kuma irin wannan yakan faɗo a dilar gwanjo a kasuwar Sabon Gari. A juya shi, in an ga ɗan tambari rawaya an rubuta Vibram, wato kamfanin da ya yi suna wajen yin ƙasan takalmi, an yi dace. Amma a lanƙwasa shi da ƙarfi tukuna. Takalmin da ya daɗe a ajiye robar tsakiyarsa takan ruɓe ta marmashe. Ni na taɓa saukowa da ƙafa ɗaya ɗaure da igiyar wando saboda haka. Kuma kada ki saya a ɓoye don ki ba shi mamaki. Ku je tare da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya gwada da safa, ya bar sararin yatsa guda a gaba saboda gangara.

Sanda kuwa, ta ƙarfe mai naɗewa ta fi sauƙin sawa a jaka, iyakar abin da ta fi sandar makiyaya ke nan. Bafulatani yana yini a daji da tasa.

Hular kanti da malafa? Malafa ta fi inuwa nesa ba kusa ba, sai dai a ɗaura mata igiya, don iskar hunturu a saman dutse ba ta da kunya.

Jakar ruwa mai tiyo tana da wuyar wankewa, takan yi gansakuka. Goruna biyu na lita ɗaiɗai a jakar goyo ta makaranta sun ishe shi yawon safe. Guzuri ma haka: dabino da ƙuliƙuli da kilishi sun tsaya a madadin kayan kwalin waje.

Inda ba zan ce ki yi tsimi ba shi ne safa. Ta auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo. Ki nemo masa mai kauri ta ulu ko ta 'yan ƙwallo, ƙafa biyu, da canjin da ya rage daga takalmin.