Dawar damina da masakwa: shuka ko dashe?

Dawar damina kai tsaye ake shuka ta. Ƙwaya ta sha ruwa ta kumbura, saiwa ta fara fitowa, sannan tsiro ya huda ƙasa, yana cin garin da ke cikin ƙwayar har ganye ya buɗe. Ruwa ya ɗauke a tsakanin nan, sai sabuwar shuka.

Masakwa kuwa, wato dawar rani da ake nomawa a karal (ƙasar laka mai riƙe danshi) a kewayen Marwa ta ƙasar Kamaru, yafa irinta ake yi a ɗan fili wajen Agusta. Bayan kwana 30 zuwa 40 a tuge, a datse ganye, a huda rami da sanda mai tsini, a zuba ruwa, a dasa. Jan aiki ne, amma na fi amincewa da ita: tsiron ya riga ya yi ƙwari, danshin laka kuma ya riƙe shi har girbi a Fabrairu.