Sharhi a kan shagon da ya tayar mana da tsohon mutum-mutumin Pioneer a Katsina

Mutum-mutumin (wato robot) da muke da shi a cibiyar da nake koyar da ilimin kwamfuta samfurin Pioneer 3-DX ne, mai manyan tayoyi biyu da ƙarama ɗaya a baya, kuma kyauta aka ba mu shi bayan ya daɗe a ajiye. Duk lokacin da na yi yunƙurin harhaɗa manhajar da za ta sarrafa shi, sai kwamfuta ta cika allo da saƙonnin kuskure ta tsaya cik. Da abin ya ishe ni, sai na ɗora shi a Keke Napep na kai wani ƙaramin shago da ke wajen Ƙofar Marusa, wanda galibin aikinsa gyaran inbata ne da kwamfutoci, amma aka ce mini mai shagon ya san kan irin waɗannan na'urori.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa kwamfuta ba sai da ya gama da jikin na'urar. Ya buɗe ƙofar bayanta ya zaro baturan, irin masu dalma ɗin nan na bolt 12, ya nuna mini yadda biyu daga cikinsu suka kumbura, ya ce: "Malam, ko manhajar ta harhaɗu yau, da waɗannan ba inda za shi." Bayan ya sa sababbi, sai ya ɗora mutum-mutumin a kan bulo biyu yadda tayoyin ba su taɓa ƙasa ba, don kada ya zabura ya afka wa kayan mutane idan ya karɓi umarni.

A wajen manhajar ne ya fi nuna gwaninta, kuma ya yi mini bayanin tushen matsalar dalla-dalla. Kamfanin MobileRobots da ke ƙera Pioneer ya koma hannun Adept a 2010, Omron ya saye Adept a 2015, sannan aka rufe sashen a 2018, don haka manhajar ARIA da ke magana da ƙwaƙwalwar na'urar ta rasa mai kula da ita a hukumance, alhali sababbin manhajojin harhaɗawa suna ƙin wasu tsofaffin salon rubutun C++ da ke cikinta. Maimakon ya yi ta facin ARIA layi bayan layi kamar yadda na yi ta fama, sai ya sauko da AriaCoda, wadda ci gaban ARIA ce da ake samu kyauta a GitHub, ya ɗora babbar manhajar kwamfuta ta Ubuntu 20.04 da ROS Noetic, wato samfurin Noetic na ROS, tsarin manhajojin sarrafa mutum-mutumi, a kwamfutarmu ta tafi-da-gidanka, sannan ya harhaɗa RosAria, manhajar da ke haɗa ROS da ARIA, a kansu. Ƙananan rubuce-rubucen da muka gada tare da na'urar na Python 2 ne, shi kuwa Noetic da Python 3 yake aiki, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara.

Duk da haka na'urar ba ta amsa ba a karon farko, kuma dalilin ya ba ni kunya, domin sunana ne kawai ba a saka cikin rukunin dialout ba, wanda shi ke ba da izinin amfani da kebul ɗin da ke haɗa USB da tsohuwar mahaɗa mai fil tara. Yana gyara wannan sai na'urorin auna tazara guda takwas da ke gaba suka fara ƙas-ƙas-ƙas, yaran shagon suka bar aikinsu suka zagaye mu. Daga nan ya ja layi da alli a simintin shagon, ya auna mita ɗaya da tef, ya yi ta tura mutum-mutumin yana daidaita adadin TicksMM da DriftFactor, saitunan da ke kula da nisan tafiyarsa da miƙewarta, har ya daina karkata hagu.

Sai dai akwai inda ya gaza. Mako guda ya yi mini alkawari, aikin ya ci uku, kuma sau biyu ina zuwa na tarar ya ajiye namu yana gyaran inbatar wani. Wanda ya fi damuna shi ne bai rubuta mini matakan da ya bi ba ko a takarda ɗaya, sannan bai gaya mini cewa wa'adin kula da Noetic ya ƙare tun watan Mayun 2025 ba sai da na tambaya da bakina. Da na kawo zancen komawa sabon tsarin, wato ROS 2, ya ce wannan wani aiki ne daban da kuɗinsa daban, tun da RosAria ta tsohon tsarin ce, kuma a nan ban ga laifinsa ba.

Kuɗin aikinsa bai kai na sababbin baturan ba, ya kuma dawo mini da tsofaffin ba tare da na nema ba. Wanda zai kai masa irin wannan na'ura ya tafi da kebul ɗinta da cajarta, ya kuma sa sharaɗin rubuta matakai tun kafin a yi ciniki. Yanzu ɗalibaina suna tuƙa Pioneer ɗin a barandar cibiya, na kuma manna takarda a murfin kwamfutar cewa kada wanda ya sabunta komai a cikinta har sai na koma shagon da littafi da biro.