Dillali ko neman gida da kanka, ga wanda zai koma garin da bai sani ba

Malam, na ga tambayarka, ka ce an yi maka canjin wurin aiki zuwa garin da ba ka taɓa zama ba, nan da wata guda ake so ka kama aiki, ga iyali, kana so ka san wanne ya fi: ka nemi dillali ya samo maka gidan haya, ko ka shiga intanet da tambayar mutane har ka kai ga mai gida kai tsaye. Wasu sun ce maka ka guji dillalai duk macuta ne, wasu kuma sun ce babu yadda zaka yi sai da su. Kowa da ɗan gaskiyarsa amma ba wanda ya ƙarasa maganar. Bari in ajiye maka su gefe da gefe kamar yadda nake ganinsu.

Ta ɓangaren lokaci dai babu ma abin jayayya, dillali ya fi. Mutum ne da aikinsa kenan, makullan gidaje na aljihunsa, ya san wanda zai tashi ƙarshen wata tun kafin a saka tallar gidan, a yini ɗaya zai iya zagayawa da kai gidaje da yawa. Kai kuwa in kana nema da kanka sai ka kira wannan bai ɗauka ba, wancan ya ce an riga an kama, na gaba ya ce sai Asabar yake da lokaci, alhali kana wani gari kana fama da haɗa kaya da sallamar tsohon ofis. Mai wata shida a gaba zai iya wannan wahalar. Mai wata ɗaya da wuya.

Sanin unguwa kuma a nan ne abin ya ɗan rikice. An ce da ɗan gari akan ci gari, kuma gaskiya ne dillali ya san inda ruwa ke taruwa in an yi sama, ya san titin da ke cushewa da safe, ya san layin da ba a barci saboda hayaniya. Tambayar ita ce zai faɗa maka? Wanda ya nemo gida da kansa ba shi da wannan ilimin amma akalla ba wanda ke tura shi, shi kuma mai bin dillali yana da ilimin a kusa da shi sai dai an tace masa shi. Shi ya sa nake cewa unguwa kar ka bar wa dillali zaɓinta. Tambayi waɗanda zaka yi aiki tare da su ina suke zaune, minti nawa suke yi a hanya da safe, ina makarantar yaransu take, ka ware unguwa biyu ko uku, sannan ka ce wa dillali a cikin waɗannan nake so. In ka bar masa a buɗe, gidan da ya daɗe a hannunsa ba wanda ya ɗauka shi zai fara kai ka.

Sai kuɗi, wanda na san shi ne ainihin abin da ya sa ka yi tambayar. Neman kai tsaye babu la'ada, wannan a fili yake. Dillali kuwa dole wani ya biya shi, kuma wane ne wannan wanin ya danganta da inda zaka koma, don dokar ba ɗaya ba ce a duniya. A Jamus tun 2015 ƙa'idar ita ce wanda ya ɗauki dillali aiki shi zai biya shi, in mai gida ne ya ba shi gidan ya nemo ɗan haya to ba ruwan ɗan haya da la'ada, in kuma ɗan hayan ne ya sa shi neman, abin da zai karɓa ba zai wuce kuɗin hayar wata biyu ba, sai harajin da ake ɗorawa a kai. A Ingila dokar 2019 ta hana dillalai cajin ɗan haya yawancin kuɗaɗen da suka saba karɓa, irin na rubuta yarjejeniya da na binciken mutum, ta kuma ƙayyade kuɗin ajiya, wato wanda ake riƙewa jingina har ranar da ka tashi, kada ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, kuɗin riƙe gida kafin a sa hannu kuma mako 1. Birnin New York ma a 2025 ya koma kan cewa wanda ya ɗauki dillali shi ke biya, bayan shekaru ana ɗora wa 'yan haya. Wasu wuraren kuma har yau ɗan haya ke biya, wani wurin ma dillali ya karɓa hagu da dama, daga mai gida da kuma ɗan haya. To kaga kafin ka ce dillali tsada, fara bincika dokar garin, ta yiwu ma ba kai zaka biya ba, ta yiwu kuma abin da ake nema a wurinka doka ta hana amma don an ga baƙo ne sai a gwada.

Abin da nake so ka riƙe ya fi komai shi ne wannan: dillalin wa ne? Mutane na cewa "dillalina" don kawai shi ya ɗauke su a mota ya nuna musu gida yana musu fara'a. A'a. In mai gida ne ya ba shi gidan, to wakilin mai gida ne, aikinsa gidan ya shiga haya da wuri kuma da tsada. Ko da kai ka ɗauke shi, in la'adarsa kaso ce daga kuɗin haya, kaga duk lokacin da haya ta hau shi ma nasa ya hau, kuma ba ya samun ko sisi sai ka sa hannu. Ban ce mugu ba ne fa, akwai masu amana sosai a cikinsu, masu tunanin gobe zaka turo musu wani. Amma tsarin biyan nasu haka yake, yana tura su wajen a gama da sauri, kai kuma buƙatarka a gama daidai. Saboda haka in ka ji "akwai mutum biyu da ke son gidan nan, in ba ka biya yau ba ya tafi", wani lokacin gaskiya ne wani lokacin kuma salon kasuwa ne, ka ce masa zaka kwana da maganar, ka ga yadda fuskarsa zata yi. Shi kuwa mai gida in kun haɗu kai tsaye ba ɓoye-ɓoye, ka san ɓangarensa yake karewa, kuma sau da yawa ya fi sauƙin ragi ko yarda ya gyara wani abu, don yana kallon mutumin da zai zauna masa a gida ido da ido.

Damfara kuma tana kowane ɓangare, sai dai kamanninta ya bambanta. A neman kai tsaye ta intanet, irin su Facebook da shafukan talla, ga yadda take zuwa: gida mai kyau, hotuna tas-tas, kuɗi ƙasa da na maƙwabta sosai, mai gidan ya yi tafiya ƙasar waje ba zai samu nuna maka ba amma mutumin kirki yake nema, turo kuɗin ajiya zai aiko maka da makulli. Wallahi duk inda ka ji wannan labarin ka rufe wayarka. Hotunan na wani gida ne aka kwaso, in ka saka su a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sau da yawa zaka gan su a wata talla ta wani gari daban. Kuma irinka suke nema, wanda ke nesa, yana sauri, ba zai iya zuwa ya duba ba. Ta ɓangaren dillalai kuma akwai wanda ba dillalin ba ne sam, akwai mai karɓar kuɗin zagaye ya yi ta kai ka gidajen da ya san ba zaka so ba, akwai mai ba da gida ɗaya ga mutum biyu, akwai kuma sarƙa, wannan ya haɗa ka da wancan, wancan ya haɗa ka da mai makulli, kowa yana jiran nasa kason daga aljihunka. Bambancin shi ne dillali mai ofis da rajista akwai inda zaka same shi gobe, a ƙasashe da yawa ma sai da lasisi ake wannan sana'ar kuma akwai hukumar da ake kai ƙara. Mai lambar waya kawai kuwa in ya kashe ta shikenan. Tambaye shi lambar rajistarsa ka duba da kanka, ka je ofishin da ƙafarka, ka ce kana son ganin shaidar cewa mai gidan ya wakilta shi. Na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Duba gida kam ko da wa ka bi, aikinka ne, gani ya kori ji. In ka shiga kar ka tsaya kallon fenti. Buɗe famfon kicin da na banɗaki a lokaci guda ka ga ko ruwan zai rage ƙarfi, ja ruwan masai ka jira ya cika, ɗaga kai ka dubi silin musamman kusurwoyi, in ka ga wuri ɗaya an yi masa sabon fenti sauran kuma tsoho to tambayi me aka rufe a wurin. Buɗe durowar ƙasan wurin wanke-wanke ka sunsuna, danshi ba ya ɓuya a nan. Taho da cajar wayarka ka gwada soket ɗaki-ɗaki, ka duba ko akwai sabis a cikin ɗakin kwana ba a ƙofar gida kawai ba. Dillali zai so ya kai ka da rana tsaka lokacin da unguwa ta yi shiru kowa na wurin aiki, to ka koma kai kaɗai da daddare, ka kuma gwada hanyar zuwa ofis da safe a lokacin da zaka riƙa fita. In ka samu maƙwabci a waje ku gaisa ka tambaye shi me ya tayar da wanda ya bar gidan, amsar minti ɗaya zata fi maka duk bayanin dillali. In ba yadda zaka yi ka je, tura wanda ka yarda da shi ya kira ka ta bidiyo yana cikin gidan, ba bidiyon da aka ɗauka aka turo ba.

Takarda kuma yawanci dillali mai ofis ya fi tsari, yana da yarjejeniya a rubuce da rasit da jerin kayan da ke cikin gidan. Sai dai ka tuna an rubuta ta ne don kare mai gida, karanta ta duka, musamman wa ke gyaran me, notis na wata nawa, yaushe za a iya ƙara haya, da abin da zai faru in an sake yi maka canjin aiki kafin wa'adi ya cika, wannan na ƙarshen ya shafe ka sosai tunda aiki ne ya kawo ka aiki kuma zai iya ɗauke ka. Mai gida kai tsaye wani zai ce ai ba sai an rubuta ba mun yarda da juna, kar ka yarda, ku rubuta ko shafi ɗaya ne. Bayan ka tare kuma tambaya ɗaya ce: in bututu ya fashe wa zan kira? Wani dillalin aikinsa ya ƙare ranar da ya miƙa makulli, wani kuma shi ke kula da gidan har ka tashi. Ka san wanne ne naka kafin ka sa hannu.

Da ni ne a matsayinka da wata ɗaya a hannu, dillali zan bi, amma ba daga nesa zan kama gidan shekara ba. Zan fara zuwa ni kaɗai in sauka a masauki na ɗan lokaci ko ɗaki na wata-wata, iyali su biyo baya. Eh kuɗi ne, amma bai kai asarar zama shekara a gidan da ba ka so ba. Tambayi wurin aikinka ma, wasu ma'aikatun suna biyan masaukin farko ko la'adar dillali ga wanda suka yi wa canji, mutane ba sa tambaya ne kawai. Ka yi magana da dillalai biyu ko uku kar ka ɗaure kanka da ɗaya, kowanne ka tura masa saƙo a rubuce: unguwannin da ka zaɓa, ɗaki nawa, iyakar abin da zaka iya biya, ranar da kake son tarewa, sannan ya rubuto maka duk kuɗin da za a nema daga gare ka da sunan kowanne. Iyakar da zaka faɗa masa ta zama ƙasa kaɗan da ta gaskiya, don daga inda ka tsaya daga nan zai fara. A gefe guda kuma ka ci gaba da cigiya wurin abokan aiki, wani lokacin wanda zaka gada a ofis shi ma gidansa zai saki.

Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun da sunansa ya dace da wanda ke cikin yarjejeniya, bayan ka ga gida ka ga takarda. Ranar karɓar makulli kafin a shigo da kaya ka ɗauki hoton kowane ɗaki da duk wani tsagu ko tabo da lambar mitar wuta da ta ruwa, ka tura wa dillalin da mai gidan a ranar, don ranar tashi da su za a yi lissafin kuɗin ajiyarka.