Shagon koyon kwamfuta da na kai ɗan ƙanwata a Mabera

Saura mako shida a zauna jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ɗan ƙanwata ya iso wurina daga ƙauyensu a ƙasar Wurno, kuma bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Yaro ne mai kai, lissafi a wurinsa kamar shan ruwa. A makarantarsu sun yi darasin kwamfuta har sun ci jarrabawarsa, sai dai a allo malami ya zana musu ita da alli. JAMB kuwa tun 2015 ta ajiye takarda da fensir. Tambaya 180 cikin awa biyu, duka a gaban na'ura.

Wani maƙwabcina ya nuna mini wani shago a nan unguwar Mabera da ke Sakkwato, ɗaki biyu da aka fasa aka haɗe, kwamfuta goma sha huɗu, yawancinsu na hannu ne. Mai shagon matashi ne, ya ce a Jami'ar Ɗanfodiyo ya yi karatu. Naira ɗari biyar yake karɓa a awa idan akwai wuta, ɗari takwas idan ya tada janareto, kuma wanda ya san Sakkwato ya san janareton ya fi aiki.

Ranar farko na zauna a baya ina kallo. Yaron ya damƙi linzamin kwamfutar kamar wanda ya kama kunama, kibiya tana ta gudu a kan gilashi. Ya waigo ya ce, "Kawu, wanga abu ba ya tsayawa wuri guda." Wasu yara biyu sanye da kayan makarantar kuɗi suka fashe da dariya. Mai shagon bai tsawata musu ba, sai ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya ce, "Sake shi, ɗan'uwa. Ko babu shi kana iya gama jarrabawarka." Ya nuna masa haruffan da JAMB ta tanada: A zuwa D na zaɓen amsa, N na tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ya ja masa kunne sosai a kan S, kada ya kusance ta sai ya kammala. Kafin awar ta cika yaron ya amsa tambaya ashirin. Wannan haƙurin shi ne babban abin da ake saye a shagon, kuma ya ci kuɗinsa.

Yana da manhajar gwaji mai tsofaffin tambayoyi da agogo a sama yana cin lokaci kamar a ɗakin jarrabawa, ba ta kuma buƙatar intanet. Wannan ya yi dabara, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, data ta ƙara tsada.

Akwai abin gyara. Fanka biyu ne kacal, kuma zafin Maris a garin nan ba ya raga wa kowa. Na'ura uku haruffansu sun goge, wanda bai san wurinsu ba sai lalube. Ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, komai ya goge, mintunan da aka ɓata wajen tada janareto kuma a cikin awarka suke. Na yi masa magana, ya ƙara mana rabin awa, amma da ban yi ba shiru za a yi. Sannan 'yan mata ba su da lokacinsu daban, na ga wata ta leƙo, ta ga ɗakin cike da samari, ta juya.

Abin da ya tsaya mini a rai ba laifin shagon ba ne. Yaran nan da suka yi dariya gwajin sauri kawai suka zo yi, domin ɗaya na ji yana cewa laftof ɗin gidansu tana hannun yayansa. Abin da suke taɓawa kullum bayan la'asar kyauta, shi nake saya wa nawa awa-awa, har da kuɗin kabu-kabu. Awa ashirin na iya biya masa, da ƙyar. Maki kuma da ma'auni ɗaya za a auna musu. Abokan ajinsa da ba su da kawu a birni, ranar jarrabawar ce za su fara ganin na'urar.

Mai niyyar kai yaro ya je da safe kafin ƙarfe goma, lokacin babu cunkoso, ya duba haruffan na'urar kafin ya zauna, ya kuma yi ciniki a kan mako maimakon awa. Mai shagon yana ragi idan ka gaya masa daga ƙauye yaron ya zo.