Direban da ya zagaya da ni gonakin inabin Stellenbosch

Tun da na dawo Bauchi hutu daga karatu a Stellenbosch, duk majalisar da na zauna a Wunti tambaya ɗaya ce: "Malam, yaya Musulmi ke zama a garin da sana'arsu giya?" Ƙanin abokina zai tafi karatu can, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Stellenbosch na da nisan kamar kilomita 50 daga Kef Tawun, a Afirka ta Kudu. Tun 1679 aka kafa garin, kuma duk inda ka waiga gonar inabi ce jere a gindin duwatsu. Watannina na farko daga ɗaki sai jami'a. Duk motar yawon buɗe ido da na tambaya, shirinsu ɗaya ne, daga wannan gidan ɗanɗana giya zuwa wancan.

A masallaci bayan Juma'a aka haɗa ni da wani dattijo mai ƙaramar bas, cikin Musulmin Kef. Kowa Boeta yake ce masa, wato yaya. Mu shida ya ɗauka a watan Fabrairu, tsakiyar zafinsu kuma lokacin tsinkar inabi.

Bai ɓoye mana gonakin ba. Ya kai mu Franschhoek, inda Faransawa 'yan gudun hijira suka sauka a 1688, ya tsaya bakin hanya ya saya mana inabin ci mai suna hanepoot, zaƙinsa kamar an ɗiga zuma. Ya san wurin da za ka zauna ka ci abinci ba a ajiye maka kwalba a gaba ba, ya san inda za a yi alwala. Da azahar ta yi bai jira mun roƙa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Macassar, dab da teku. Nan kabarin Shehu Yusuf yake, malamin da Turawan Holan suka koro daga yankin Indunusiya, ya iso 1694, ya rasu 1699. Boeta ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya ce mana bayi ne suka fara noma yawancin gonakin nan, kuma akwai Musulmi a cikinsu. Na daɗe tsaye ina kallon ruwan. Ashe fiye da shekara 100 kafin a kafa masarautar Bauchi ana kiran sunan Allah a bakin tekun nan. Daga ranar na fara fita gari.

Akwai inda ya gaza. Ya makara kusan awa guda da safe, motar ba sanyi, kuma saboda ya matsa sai mun ga Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi a Kef Tawun, da masallacin Auwal na 1794, mun isa a gajiye, ana shirin magariba. Wannan ya kamata ya zama tafiyar wata rana daban. Kuɗin ma in ka juya shi zuwa naira sai ka ja numfashi, don haka ku haɗu ku raba.

Ƙanina, in ka sauka, tambayi mutanen masallaci, za su nuna maka Boeta. Ka riƙe rigar sanyi ko da rana na ƙuna, iskar bakin tekun nan da yamma ta fi hunturun Disamba shiga jiki.