Shagon littattafan zane a Katsina da tarihin da bai faru ba

A kusa da Ƙofar Soro akwai wani ƙaramin shagon littattafai wanda mai shi ya jera kantocinsa bisa wani zato: yaya duniya za ta kasance da a ce labaran zane na Faransa da Beljiyam ne suka mamaye kasuwa, maimakon na Amurka da Japan? Saboda haka Tintin, wanda Hergé ya fara zanawa a 1929, da Asterix na 1959 su ne a gaba, jaruman Amurka kuwa suna can lungu.

Hujjar Malam mai shagon ta gamsar da ni. Ya bayyana cewa dokar Faransa ta 1949 kan littattafan yara ta takura wa zanen Amurka, sannan ƙa'idar tace zane ta 1954 ta raunana masu bugawa a Amurkar kanta, don haka dama ta samu. Abin da ya rage wa Turai, a ganinsa, shi ne kamfanonin fim da arhar bugu. Nan ne ma matsalar shagon take, domin littattafan masu kaurin bango ne, shafi 48 galibi, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin ɗalibi.

Yawancinsu da Faransanci suke, ta Maraɗi ake shigo da su, na Ingilishi kaɗan ne. Na kuma so ya riƙa gargaɗin iyaye game da yadda tsohon labarin Tintin a ƙasar Kwango ya wulaƙanta baƙar fata. Amma ana barin mutum ya zauna ya karanta kafin ya saya.